Tsohon Da Ke Ƙofar Belbi

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina sauran", ga shi nan. A kan bencin tasha na rubuta, wanda ya ga kuskure ya tsallake.

*

Madam Rahinatou ba ta nemi wurin zama ba. A tsakiyar falon da babu ko kujera ɗaya ta tsaya, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan tayil, tana duban Abdulƙuddus kamar kayan da aka sauke mata a duwan, ofishin kwastan. A can ta yi aiki har ta yi ritaya. Yanzu ita ce shugabar masu gidaje a Belbi, sabuwar unguwar da aka zagaye da katanga a bayan garin Sokode. Ba a sayar wa mutum gida a nan sai ta gan shi da idonta.

"Mushe Abdul," ta ce, da Hausarta mai gauraye da Faransanci, "kafin noter, lauyan da ke shaida cinikin, ya iso ka sa hannu, bari mu fahimci juna."

"Ina jin ki, Madam."

"Nan ba a kiwo. Ko kaza. Ba a yanka a tsakar gida, Layya ma akwai wurinta a bayan katanga. Ba a daka da sassafe, maƙwabcinka likita ne, a asibiti yake kwana. Baƙo kuma ba ya wuce ƙofa sai maigadi ya kira ka, ka ce ya shigo."

"Abin da nake nema ke nan, Madam."

Yasin, dillalin gidajen da ya kawo shi, ya kaɗa makullai yana murmushi.

"Ai na gaya miki. Ba inda ban kai Patron ba. Unguwar Koma, Kpangalam, har Didawure na nuna masa wani mai zaure, daf da masallaci. Ya ce a'a, shi wurin da zai ji numfashinsa yake so."

Salwa, matar Abdulƙuddus, tana jikin taga da Khairiya goye a bayanta. Tun da suka shigo sai duba waya take tana mayarwa jaka.

Madam ta gyara tabarau.

"An ce min ɗan Zongon Dapaong ne kai."

"A can aka haife ni kawai."

Bai san lokacin da maganar ta fita ba. Bai juya ba, amma ya ji idon Salwa a ƙeyarsa.

"Ba laifi ba ne," in ji Madam. "Sai dai na san gidajenku. Mutum ɗaya ya sayi gida, gari guda ya tare."

Yasin ya yi dariya. Abdulƙuddus ma ya yi, tasa har ta fi ta Yasin ƙarfi.

Ba ƙarya Madam ta yi ba, shi ya sa dariyar ta yi masa ɗaci. Gidan hayar da yake ciki a Zongon Sokode ya daɗe da zama masauki. Kawu Sadi, ƙanin mahaifiyarsa, dillalin shanu ne. Duk lokacin da ya gangaro daga arewa ba ya zuwa shi kaɗai, sai da makiyaya da sandunansu da butocinsu. Abdulƙuddus zai dawo daga shagon kayan babur a gajiye, ya tarar da takalma sun cika ƙofa, ya tsallake mutane kafin ya kai ɗakinsa. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa komai ba. Belbi ce za ta faɗa a madadinsa.

Wayarsa ta yi ƙara. Duti ne, maigadin ƙofar unguwa.

"Patron, wani tsoho ya zo. Ya ce wurin ka."

"Wane tsoho?"

"Ya ce shi daga Dapaong. Ya ɗauko randa babba. Ya gaji sosai. In bar shi ya shigo?"

Falon babu kaya, murya na yawo a cikinsa. Madam ta ji. Ta ɗaga gira ɗaya, ta dubi Yasin.

"Tun ba a sa hannu ba?"

Kan Abdulƙuddus ya yi zafi. Kawu Sadi! Wa ya gaya masa? Ko a ƙarƙashin ƙasa mutum ya sayi gida sai ya biyo shi? Ya ɗaga murya yadda Madam za ta ji da kyau.

"Duti, saurara. Kar ka bar shi ya taka cikin unguwar nan. Ka ce ya koma inda ya fito."

"Patron, ya ce shi ne..."

"Ko wane ne! Don gudun irinsu na zo nan. Mutanen Dapaong ba su san bambancin gidan mutum da tasha ba. Yau da gobe, duk wanda ya zo daga can, ba na nan. Ka ji ko?"

Ta wayar ya jiyo kukan wani tsuntsu daga nesa.

"Na ji, Patron."

Ya kashe. Madam ta gyaɗa kai, karon farko ke nan da ta yi masa murmushi.

"Wala, shi ke nan. Za mu zauna lafiya da kai."

"Baban Khairiya."

Muryar Salwa ce, ƙasa-ƙasa.

"Me ya ce tsohon ya ɗauko?"

"Salwa, ba yanzu ba."

"Me ya ce ya ɗauko?"

"Randa. Sai me?"

"Yaushe ka taɓa ganin Kawu Sadi da randa?"



"Ɗazu da muka shigo," ta ce, "da na bar jakata a kan benci, me Duti ya ce maka?"

Ya tuna. *Patron, Madam naka ya manta jaka.* Har dariya suka yi a mota. Duti ɗan ƙabilar Moba ne daga Naki-Est, Hausarsa ta kasuwa ce, a bakinsa mace da namiji duk "shi" ne, tsoho da tsohuwa duk "tsoho". Cikin irin wannan Hausar Abdulƙuddus ya tashi. Da ita ya yi wasan ƙasa. Ba wanda ya kamata ya fi shi sani.

"Ni na kira ta," in ji Salwa, hawaye na gangaro mata. "Shekaranjiya. Na ce mata yau za ka sa hannu, na kwatanta mata wurin. Na ga ba ka da niyyar faɗa mata. Na ce ba zan kwana a gidan da Daada ba ta sa wa albarka ba."

"Wace ce Daada?" Madam ta tambaya.

Abdulƙuddus ya riga ya fita.

*

Ya manta da mota. Da ƙafa ya bi titin, takalmin fata na matse masa yatsu, babbar rigar da ya sa don noter tana harɗe shi. Karnuka suka yi ta haushi daga bayan ƙofofin ƙarfe. Wani mutum mai gajeren wando da ke ba fulawa ruwa ya tsaya yana kallonsa, don ba a saba ganin mai gudu a Belbi ba sai da kayan motsa jiki.

Ya hango ta tun daga nesa.

Tana zaune a kan bencin maigadi, a wajen sandar ƙofa, ƙarƙashin wani ɗan mangwaro da bai gama yin inuwa ba. Mayafinta ya yi jajir da jan ƙasar hanya. A gabanta randa ce, an naɗe ta da tsohon zane an ɗaure da igiya. Hannunta ɗaya na kan bakin randar.

Duti ya miƙe tsaye, yana juya wayarsa mai fasasshen gilashi.

"Patron, wayar nawa ya lalace. Sai a babban murya yake magana. Ya ji duka."

Abdulƙuddus ya sunkuya ta ƙarƙashin sandar, ya zube a gabanta, gwiwoyinsa a kan tsakuwa.

"Daada."

Ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, da akwai da ya fi masa sauƙi.

"Sannu da aiki, Mushe Abdulƙuddus."

Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kunyar ɗan fari ba ta barinta. "Kai" take cewa, ko "wancan yaron". Ko a asibiti aka tambaye ta sunansa, sai ta juya ta ce wa wani ya faɗa. Yau ta faɗe shi cikakke, har da Mushe, yadda ake kiran baƙo.

"Daada, don Allah kar ki kira ni haka."

"Haka na ji yaron nan ya faɗa yana rubutawa a allon baƙi. Na ce ashe haka ake kiran ka a nan."

"Wallahi ban san ke ba ce."

"Na ji."

"Tashi mu shiga. Rana ta yi zafi. Duti, ɗaga sandar!"

"Bar shi da sandarsa. An ba shi umarni, aikinsa yake yi. Ruwa ma ya ba ni. Da Moba muka gaisa, ashe na san garinsu."

Ta shafa randar.

"Ka gane ta?"

"Ta Kaka ce."

"Ita ta riga ni shiga gidan ubanka. A gidanmu ba a kwana a sabon gida sai ruwa ya kwana a ciki. A cinya na riƙo ta tun daga Dapaong. Direba ya ce a ɗora ta saman mota, na ce sai dai a ɗora ni. A hawan dutsen Alejo har ƙafata ta mutu, ban sauke ta ba."

Ya sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga hancinsa.

"Ka ce min Didawure," ta ci gaba. "Ka ce min kusa da masallaci. Ka ce akwai zaure, akwai ɗakina mai taga ta gabas. Na bi gida-gida a unguwa ina faɗa. Husseina mai ƙosai har guɗa ta yi min. Da matarka ta ce Belbi, na ɗauka sunan wani lungu ne a Didawure. Sai mai zemijan, ɗan acaɓan nan, ya yi ta tafiya da ni, gari ya ƙare, muna ta tafiya."

"Na so in faɗa miki bayan an gama."

"Ka faɗa ai. Na ji da kunnena."

"Ba ke nake nufi ba! Na rantse da Allah, Daada. Duti ne ya ce tsoho. Na ɗauka Kawu Sadi ne."

Ta ɗago ido a hankali.

"Sadi."

"E, shi. Kin san halinsa. Ba ya sallama daga nesa, sai dai ka gan shi. Ya kwaso mutanen da ban sani ba, su cika min gida da warin shanu, su tofar da goro a jikin bango, su yi sati suna ci suna kwance. Shi nake gudu, Daada, ba ke ba. Da na san ke ce da rarrafe zan fito."

Daada ba shi take kallo ba. Bayansa take kallo.

Sai ya ji kukan zabi.

Ya juya.

Kawu Sadi na tsaye a bakin titi. Buhun gero a kafaɗarsa, kwandon zabi a hannunsa, zemijan ɗin da ya sauke shi bai ma juya ba. Tare suka zo da Daada, tasha ya koma ɗauko sauran kayan da babur ɗaya ya kasa ɗauka. Hularsa ta jiƙe da gumi har gefe.

Ya sauke buhun a hankali, kamar mai tsoron tada barci.

"Ci gaba, ɗana. A kan goro ka tsaya."

"Kawu..."

"A'a, ba komai. Goron gaskiya ne, Wahabu makiyayina ne mai tofarwa, na sha yi masa faɗa."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya ƙi zama.

"Amma da ka faɗa min. Wallahi da ka faɗa min tun tuni, da a masallacin kasuwar shanu muke sauka, akwai tabarmi a can. Ni ban san damun ka nake ba. Na ɗauka daɗi kake ji. Daga Manduri har Sinkase, duk kasuwar da na zauna sai na ce musu, in kun je Sokode kar ku nemi masauki, ɗana ba ya rufe ƙofa. Da kai nake baki."

Ya dubi kwandon da ke hannunsa kamar yanzu ya gan shi.

"Waɗannan na walima ne. Na ce zabin Dapaong sun fi na nan daɗi."

Abdulƙuddus ya so ƙasa ta buɗe. Ta ƙi. Duti ya juya baya yana gyara wani abu a jikin sandar da ba ta lalace ba.

"Na gaji ne," ya ce. "Kawu, Daada, ku yafe min, gajiya ce. Ina so in dawo gida in sami wurin miƙe ƙafa. Salwa ba ta sauka daga kan murhu, da ciki ma haka ta yi ta tuƙa tuwon mutum..."

"Kar ka sa sunana."

Salwa ce ta iso, tana haki, Khairiya ta farka tana kuka a bayanta. Ta durƙusa ta gaida Daada, ta gaida Kawu, sannan ta juyo.

"Na gaji, gaskiya ne, ban ɓoye ba. Cewa na yi ka zauna da Kawu ku yi magana kamar ɗa da uba. Ka ce kana jin nauyinsa. Nauyin magana ka ji, ba ka ji nauyin katanga ba?"

"Salwa, ya isa."

"Bai isa ba. A gaban matar can ka ce a Dapaong aka haife ka *kawai*. Ina tsaye."

Daada ta rufe ido. Ta daɗe ba ta buɗe ba.

Abdulƙuddus ya kama ƙafarta da hannu biyu. Ƙafar ta kumbura da zaman mota.

"Daada, ki zage ni. Ki mare ni a nan gaban kowa. Amma ki shiga ki sa albarka. Ɗakin da ya fi kowanne girma naki ne, akwai banɗaki a ciki, akwai..."

"Sakar min ƙafa, mutane na kallo. Kar a ce ka san ni."

"Daada!"

"Ba zan zage ka ba. Ban taɓa yi ba, ba zan fara da tsufa ba. Gidanka ne, guminka ne, ka saya inda ranka ke so. Mugun baki ba zai fito daga gare ni ba."

Ya ɗago da sauri, ransa ya ɗan dawo.

"Mai kyau ma ba zai fito ba," ta ce. "Shiru zan yi."

Kawu Sadi ya ce, "Yaya, kar ki yi haka saboda ni. Yaro ne."

"Kai ma yi min shiru. Nono ɗaya muka sha da kai. In ni kuskure ce a wayar can, kai kuma daidai ne? Ƙofar da aka rufe maka, ni ta ina zan bi?"

Wata baƙar mota ta taho daga gari ta tsaya daf da sandar. Gilashi ya sauka. Noter ne, da jakar takardu a kujerar gefe.

"Mushe Abdulƙuddus? Me kake yi a ƙasa? Mu je mu gama, ana jira na a garin Kara."

Daga ciki kuma sai ga Madam Rahinatou a bayan babur ɗin Yasin, ta riƙe tabarau da hannu ɗaya. Ta sauka, ta tsaya daga cikin sandar. Idonta ya bi buhun gero, ya bi randa, ya tsaya a kan kwando. Zabin, kamar sun san ana kallonsu, suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

"Mushe Abdul, ban gane ba. Ɗazu a gabana ka ba da umarni. Waɗannan na wa ne?"

Yasin ya matso yana raɗa.

"Patron, ka lallaɓa su su tafi, daga baya ka bi su. Akwai wani kanar da ke son gidan nan, in ka saki yau ya tafi."

Daada ta dafa benci ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta dubi Madam daga sama har ƙasa, ta gaishe ta da ladabi. Sannan ta juya ga ɗanta, wanda har yanzu gwiwarsa ke ƙasa.

"Randar nan ba ta kwana a titi. Ko ta shiga gidan da Sadi zai shiga da zabinsa, ko ta bi ni motar yamma. In ta koma Dapaong kuma ta koma ke nan."

"Zabi ba za su wuce sandar nan ba," in ji Madam. "Wannan ba ni na ce ba, doka ce. In da su za ka zauna, Mushe, ka faɗa yanzu kafin noter ya ɓata tawadarsa."

Noter ya duba agogo.

Kawu Sadi ya ɗaga wa mai zemijan hannu alamar ya jira.

Abdulƙuddus ya dubi cikin Belbi. Titi shimfiɗe, shiru, fulawa ja a kan kowace katanga, can ƙarshe farin gidan da ya yi wata da watanni yana gani a mafarki. Ya dubi ƙafar uwarsa cikin silifas ɗin roba.

Salwa ta kwance ɗankwalinta na sama, ta naɗa gammo, ta ƙara ɗaure goyonta, ta durƙusa a gaban randar.

"Kawu, taya ni."

Kawu Sadi ya kama gefe, Duti ya kama gefe. Randar ta hau kanta. Ta miƙe a hankali, wuyanta na rawa, ta tsaya daidai jikin sandar, kafaɗa ɗaya ta ciki, ɗaya ta titi.

"Baban Khairiya," ta ce, "tana da nauyi. Ina zan nufa?"